Da Akwai Teku a Tunga

Tawa, 9 ga Maris

Sadisu,

An dakatar da haƙar rijiyar Gwaggo Hajaratu ranar Talata. Ba wanda ya ji ciwo, ba a kuma kai ga ruwa ba.

Ka yi haƙuri na sa labari gaban gaisuwa, aikin gidan rediyo ne ya ɓata ni. Ina gaishe ka, taubashina, da fatan kana lafiya a wannan sansanin aiki naku na bayan Agadas inda ko rezon waya ba ya leƙawa. Mu nan Tawa lafiya lau. Na je Tunga ranar Juma'a na ga Gwaggo. Ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Ta ce ba sai ta gan ka ba, ta san ka rame.

Ka san alkawarin da ta ɗauka bayan rasuwar mahaifinka: rijiya a bakin gonarsa, sadaka, ladan ya je wa Baba Illa, matan Tunga kuma su huta da zuwa fadamar Afala da jakuna. Mai haƙar rijiyar, sunansa Baƙo, ya fara tun bayan girbi. Ya wuce jar ƙasa, ya wuce tsakuwa, yana sa zoben siminti yana sauka, har ya tarar da wani farin dutse. Daga nan guga ta fara fitowa da abubuwan da na zubo maka a gwangwanin shayin nan. Ƙumba ce da katantanwa, amma sun zama dutse. Akwai wani mai kama da ƙosai, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa. Biyu aka samu irinsa, Gwaggo ta riƙe ɗaya.

Baƙo ya fito ya ajiye diga. Ya ce, “Ni ban taɓa wuce irin wanga dutse ba. Abin da ke ƙasa nai, ban san shi ba.” Liman, Malam Jibrilla, ya juya ƙumbar a hannu ya ce ragowar ruwan Ɗufana ce ta zamanin Annabi Nuhu. Wasu mata sun ce tarkacen mutanen ɓoye ne, a rufe ramin tun ba a jawo wa gari wani abu ba.

Gwaggo ta bari kowa ya gama, sannan ta ce, “Ina da ɗa wanda ya ƙare ƙuruciya tai shina karatun duwatsu. A kai mai shi gani.”

To, ga su nan an kawo maka. Tambaya biyu ce. Mene ne waɗannan? A ci gaba da haƙa ko a tsaya? Ka rubuto da Hausa, don ni zan karanta mata a gaban mutane, kuma ka san ba ta yarda da fassarata.

Taubashiyarka,
Rahinatu


Sansani, 28 ga Maris

Rahinatu,

Gaisuwa mai yawa. Gwangwaninki ya iso da motar abinci, lafiya ƙalau, sai dai direban ya yi fushi da ya ji ba shayi a ciki. Ina lafiya, ban rame ba, ki gaya wa Inna. Allah ya ƙara mata sauƙin gwiwa. Ke kuma ’yar jarida, wata rana sai kin karanta labarin aurenki kafin ki gaida baƙi.

Na zazzage duwatsun a kan tabarma, na daɗe ina kallonsu. Ƙumbar da katantanwar na ruwan gishiri ne. Mai tauraron wata halitta ce mai ƙaya kamar bushiya, tana rarrafe a cikin laka. Ƙayoyin sun zube, ƙoƙon ya rage. Sun mutu shekara wajen miliyan sittin da suka wuce, kafin a yi mutum ko ɗaya. Ki gaya wa Malam Jibrilla da ladabi cewa sun girmi zamanin Annabi Nuhu nesa ba kusa ba.

Ki faɗa wa Inna yadda na rubuta: da akwai teku a wurin nan. Ba tafki ba, ba gulbi ba, teku, tun daga ƙasarmu ta Adar har arewa inda nake zaune. Tana shimfiɗa tabarma a kansa ba ta sani ba.

Na karanta wannan a jami'a, na rubuta shi a jarrabawa, bai taɓa hana ni sukuni ba sai da ya fito daga gonar Baba. Ga abin da ke damuna, ke kaɗai nake gaya wa. An zana tauraro a bayan wani ɗan abu, an daidaita rassansa biyar tsaf, a lokacin da babu idon da zai yaba. Aka binne shi cikin duhu har Baƙo ya zo da diga. Wa aka yi wa zanen? A makarantar allo an koya mana duniya an hore wa ɗan Adam ita. Duwatsu kuma suna nuna min mu baƙi ne da muka iso taro ana shirin naɗe tabarmi. Ina salla, ban bari ba, kada ki tayar wa kowa hankali. Amma in na ɗaga hannu sai in rasa abin da ya cika min ƙirji, girman Allah ne, ko tsoron ƙanƙantata. Wani lokaci ina jin abu ɗaya ne. Wani lokaci ina jin ba su ma san juna ba.

Direba yana ta danna min ham. Maganar haƙa sai na duba taswirar ƙasan yankinmu, zan rubuto.

Sadisu


Tawa, 16 ga Afrilu

Sadisu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, sai zafi. Gwaggo tana tafiya ba sanda yanzu, kuma ina ganin wasiƙarka ce maganin.

An koma haƙa. Na karanta takardarka a ƙarƙashin gawon bakin gona, mutane sun fi na ranar suna. Sakin layin da ya shafi sallarka na tsallake shi. Da na zo wurin teku, Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce, “Maimaita wurin nan, ɗiyata.” Na maimaita. Ta ce, “Da akwai?” Na ce haka ka rubuta. Ta rufe fuska da mayafi, sannan ta ce Baba Illa ya sha faɗa cewa ƙasar gonar nan tana da sanyi ko da bazara.

Ni ban yi mamaki sosai ba. Bara na yi shiri da wani injiniyan ruwa, ya ce akwai babban ruwa kwance a ƙarƙashin ƙasar nan tun zamanin da. Maganarka ta zo daidai da tasa. Duk da haka ban sa a labarai ba, ina jiran taswirarka ta zama majiya ta biyu.

Malam Jibrilla bai ji haushin gyaranka ba, don bai ɗauke shi gyara ba. Ya ce an umarci ƙasa ta haɗiye ruwan Ɗufana, to ga inda ya kwanta, ilimin boko ya zo ya tabbatar. Na ce masa kai ka ce miliyan sittin. Ya ce, “Lissahi nashi ne, ruwa na Allah ne.” Ban san yadda ake ja da wannan ba.

Baƙo ne ya yi gardama. Ya ce, “Hajiya, ni ba kihi ba ne. In na huda teku, wa za shi hiddo ni?” Aka yi dariya. Gwaggo ta ce za a ƙara mutum biyu a kan igiya. Washegari ya sauka. Yanzu har daga Barmu ana zuwa leƙen ramin, wata tsohuwa ta tambaye ni ko za a riƙa samun kifi a Tunga.

Game da tambayarka. Ni aikina in tambayi wa, da me, da ina, da yaushe. Tambayar don me, ba a cika samun wanda zai yarda a ambaci sunansa ba. Na ɗauki dutsen Gwaggo na duba, na ga rassan sun yi daidai kamar yadda ka ce, kuma na ji wani abu da ban san sunansa ba. Iyakar rahotona ke nan. Ka ci abinci, ka rage zama kai kaɗai.

Muna jiran taswira.

Rahinatu


Tawa, 12 ga Mayu

Sadisu,

Ina gaishe ka. Ban ji daga gare ka ba, an ce hanyar ku ta rufe, motoci ba sa shiga. Allah ya sa lafiya. Gwaggo lafiya. Baƙo ne ba lafiya ba.

Ya wuce farin dutsen, ya shiga wata baƙar laka busasshiya mai ɓarewa fallen-fallen kamar takarda. Ba ta riƙe zobe da kyau. Iska ta yi ƙaranci a ƙasa, an jawo shi sama yana jiri fiye da sau ɗaya. Makon jiya wani ɓangare ya zubo masa a kafaɗa. Ƙashi bai karye ba, amma hannun ba ya ɗaguwa sosai. Ya huta kwana kaɗan ya koma, don ya ce bai taɓa barin rijiyar marayu a buɗe ba, kuma ba zai fara da ta Malam Illa ba.

Matarsa Mansura ta zo ta durƙusa gaban Gwaggo ta ce a bar mata mijinta. Gwaggo ta yi kuka tare da ita, sannan ta ce, “Sadisu ya ce da akwai. Ɗana bai taɓa yi min ƙarya ba. Saura kaɗan.”

Ƙasar da ke fitowa ko danshi babu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma in ruwa ya sauka a kan wannan laka ban san abin da bangon zai yi ba. Ka ce da akwai. Gaba nawa ya rage? Lamba nake so, ko da ta kusa ce.

Rahinatu


Sansani, 24 ga Mayu

Rahinatu,

Ina lafiya, ina gaida Inna da ke. Wasiƙunki biyu yau suka iso tare. A fiddo Baƙo. Kada ya sake sauka. In wannan takarda ta same ki da rana, kada ki jira safiya.

Na karanta ta farkon ban gane murnar da ake yi ba, sai da na faɗi jimlata da baki. Rahinatu, ja shi za ki yi: daa. Daa akwai teku. A da, zamanin da ya shuɗe. Ba “da akwai” irin na da akwai gero a rumbu ba. Tekun ya janye tun kafin a san za a yi Adar, ya bar ƙasansa, shi ne farin dutsen da baƙar lakar. Inna tana shimfiɗa tabarma a kan makwancinsa ne, ba a kan ruwansa ba. A baki ba mai haɗa kalmomin nan biyu, ko yaro. A takarda harafi biyu ne iri ɗaya, kuma ban ga hakan ba lokacin da nake rubutawa, don ni a kunnena nake jin abin da nake nufi.

Ruwan da injiniyanki ya faɗa gaskiya ne, amma wani abu ne dabam. Na duba taswira. A yankinmu yana can ƙasa da nisa, ɗaruruwan mita, sai injin foraji mai haƙa rijiyar burtsatse. Diga ba ta kai shi. Tsakanin nan da can akan dace da ’yar jijiyar ruwa a cikin tsaguwar dutse, akan kuma rasa. Taswirar ba ta nuna wannan. Lambar da kike so ba ni da ita. Abin da na sani shi ne baƙar lakar nan in ta sha ruwa kumbura take yi ta zube.

Tun ɗazu nake zaune da dutsen a hannu. Ni da nake ta tambayar wa aka yi wa zanen tauraro, ina auna shekara miliyan, ga mutum a cikin rami saboda wasali guda da ban ja ba. Na ce miki mu ba kome ba ne a tarihin ƙasa. Yau kafaɗar Baƙo ta fi min tekun nan duka nauyi, kuma ban san yadda zan haɗa maganganun biyu ba. In mu ƙanana ne haka, me ya sa wannan ya yi girma haka?

Ban san ta inda za ki fara gaya wa Inna ba. Ki ce mata ban yi mata ƙarya ba. Ki ce mata kuma babu.

Sadisu


Tawa, 7 ga Yuni

Sadisu,

Baƙo yana sama, yana gidansa, hannun yana ɗaguwa. Bayan wannan, ina gaishe ka. Kowa lafiya.

Takardarka ta same ni a wurin aiki, na bar shirin rana ga abokiyar aikina na hau mota. Na iske Baƙo a cikin rami, na sa aka jawo shi kafin in gaida kowa. Sannan na zauna gaban Gwaggo da tsohuwar wasiƙarka, na karanta mata jimlar sau biyu, da gajeren “da”, da kuma dogon. Ta gane tun kafin in rufe baki. Ta ce, “Wanne ya rubuta?” Na ce duka biyun, Gwaggo, takarda ba ta bambanta su. Ta ce, “To mi amfanin takarda?” Shekara tara ina karanta labarai, ba a taɓa yi min tambayar da ta fi wannan wuya ba.

Sannan ta ce, “Ina ruwansa?” Kada ka karanta min wannan a karkace. Ba cewa take ba abin da ya dame shi ba. Tambaya take inda ruwan tekun ya tafi. Na ce ban sani ba, zan tambaye ka.

Ita da kanta ta sallami Baƙo. Ta ce ba za ta binne mai rai don ta kai wa mamaci lada ba, ta kuma aika a ba Mansura haƙuri. Malam Jibrilla ya ce mata ladan niyya ya riga ya isa ga Malam Illa. Ta ce ta gode, amma mata ba sa zuba niyya a tulu.

Daga nan ta ce in sake karanta wasiƙar tun daga farko, kada in tsallake kome, don ta lura rannan idona ya yi tsalle. Na karanta har da maganar sallarka. Ka yi haƙuri. Ga abin da ta ce in rubuta, ban gyara ba:

“Sadisu, ni ce. Ba ka yi min ƙarya ba, na ji. Ka ce wa anka yi ma zanen tauraro tun da babu ido. Duba tahin hannunka. Zanen da ke ciki, cikin duhu anka yi shi, cikin cikina, ni kaina ban gani ba. Ban san ko wagga amsa ce ba. Ni ma abin ya ɗaure min kai. Ubanka ya ƙare rayuwa tai shina noma bisa gidan kihi shina roƙon ruwa. Teku guda ya tashi ya bar wuri, to mi za shi zauna? Na kan ji tsoro, na kan ji daɗi, ban san wanne ya kamata ba. Dutsen shina wurin tasbahata. Ka yi salla ko kana cikin ruɗu, ni ma haka nike yi. Ka zo gida da damina.”

Saura abu ɗaya, kuma zan faɗe shi a tsanake. Shekaranjiya Baƙo ya roƙa a bar shi ya sauka sau ɗaya ya kwaso digarsa da fitila kafin a rufe. Gwaggo ta ƙi, ya nace, aka ɗaura masa igiya biyu. Ya fito gwiwoyin wandonsa jiƙe da laka. Ya ce wani ruwa ya taru a gefen gabas na ƙasan, bai fi cikin ludayi biyu ba. Ya ɗebo a gwangwani.

An yi ruwan farko a wajen Barmu farkon makon nan, a Tunga ba a yi ba. Baƙo ya ce yana iya zama jijiya, yana iya zama ruwan saman ne ya biyo tsaguwa, shi ba zai rantse ba. Na ɗanɗana, akwai ɗan gishiri-gishiri. Malam Jibrilla ya ɗanɗana ya dube ni, kafin la'asar kuma rabin Tunga sun ce teku ne. Na yi ta bayanin dogon “da” da gajeren “da” har muryata ta dushe. Gwaggo ba ta ɗanɗana ba. Ta sa an rufe bakin rijiyar da katako da duwatsu, ta ce ba mai sauka sai ka zo ka gani da idonka.

Saboda haka ga yadda abin yake, kuma gajeren “da” nake nufi: da akwai ruwa a ƙasan rijiyar. Na zuba shi a kwalba na kai ofishin ruwa na nan Tawa, sun aika Yamai a auna. Ko na sha ne, ko zai ƙaru, ko daga ina yake, sakamakon bai dawo ba tukuna.

Rahinatu